Bangon da Tela Ya Rushe

Tela ya gaji da ganin matarsa tana girki a ɗan ƙuntataccen kicin, sai ya aro guduma zai rushe bangon da ya raba kicin da sito.

Yayansa magini ya leƙo, ya ƙwanƙwasa bangon.

"Ƙanena, wannan shi ke ɗauke da rufin. Bari in zo mu tokare shi tukuna."

"Haba Yaya, mai yanka yadi ai ya san awo."

"To, in kunne ya ji," in ji yayan, ya tafi.

Washegari Tela yana zare bulon sama, ginin ya yi ƙara. Kafin ya ankara, kankare ya sauko masa a hannun dama. A asibiti aka cire masa yatsu uku.

Da aka sallamo shi, ya tarar yayan yana mayar da bangon. "Sannu, ya hannun?" kawai yayan ya ce. Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Matarsa ta kawo ruwa, Tela ya miƙa dama zai karɓa, sannan ya janye, ya miƙa hagu.