Jan Layi a Tsakiyar Ɗaki

Dakta ta ɗaga kwalba ta goma sha biyu ta haska a taga. Nan ma ƙudajen duk sun miƙe ƙafa. Na'urar ɗumama su ta haukace a ƙarshen mako, ta gasa mata aikin shekara uku.

Ƙananan ƙudajen nan ne masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. A ƙwansu take nazarin yadda jikin tsutsa ke rabuwa gaɓa-gaɓa: layin ƙwayoyin halitta ya aika wa maƙwabcinsa saƙo, maƙwabcin ya amsa, sai iyaka ta tsaya tsakaninsu. Ɗaya ya yi shiru, iyakar ta shafe.

Kwalba ɗaya tak ta rage daga irin nata, wadda ta ba abokin aikinta Mai Sanƙo ajiya tun suna ɗasawa. Da suka yi rigima kan sunan wa zai fara zuwa a takardar bincike, sai ya manna jan salatif a ƙasa, ya raba ɗakin bincikensu biyu. Wata goma sha huɗu ke nan ko sallama babu. Baba mai wankin kwalabe ke kai musu saƙo.

"Baba, ka ce wa mutumin can ina son kwalbata."

Baba ya auna tazarar da ido. Taku uku ce.

"Ranki ya daɗe, wannan doguwar tafiya? Gwiwata ba za ta kai ba."

"Haba Baba!"

"Kullum ina jin ki kina gaya wa ɗalibai ƙwayar da ido ba ya gani tana gaida maƙwabciyarta. To, ita ai ba ta yi digiri uku ba."

Ya ɗauki bokitinsa ya fice.

Ta daɗe tsaye a bakin layin kafin ta ce, "Malam... kwalbata."

Mai Sanƙo bai ɗago daga madubin bincike ba. Tire kawai ya turo mata. Kwalabe shida, cike da ƙudaje masu rai, sunanta a jikin kowacce da rubutun hannunsa. Ashe duk sati biyu yana canza musu abinci, har suka hayayyafa, kwalba ɗayar ta zama shida.

"Sun fi mai su iya zama da mutane," in ji shi.

Ta rungume tiren. Sai a lokacin ya dubi ƙasa, inda zirga-zirgar Baba ta cinye salatif ɗin.

"Layin nan ya goge. Ki zo da sabo gobe."

"Ja ko baƙi?"

"Ja."