Layi Na Biyu Daga Ƙofa

Tsohuwar maƙabartar birni ƙofa ɗaya gare ta, ta ƙarfe, kuma shekara arba'in da biyu ke nan mutum ɗaya yake buɗe ta kowace safiya. Kowa Mai Makulli yake ce masa, har matarsa idan ya ɓata mata rai. Idan baƙi suka zo, yakan fara kai su kabarin likitan da ya buɗe asibitin farko a garin, sai na alƙalin da aka kewaye da sarƙa, sai na mawaƙiyar da har yau ake ajiye wa furanni. Yakan ƙare da su a sashen sojoji, wanda yake dab da ƙofa, gaban doguwar hasumiyar dutse mai ɗauke da sunayen waɗanda yaƙi ya ci.

Sunayen a jikin hasumiyar suke, kaburburan kuwa ba suna. Layi shida ne, kowane kabari da guntun siminti a kansa, kuma lambobin da aka rubuta da fenti ruwan sama ya wanke su tun kafin ya kama aiki.

Cikin masu zuwa wannan sashe babu mai naci kamar wata tsohuwa da yake kira Yaya. Mahaifinta ya tafi yaƙi tana da shekara huɗu. Abin da ya dawo gida takarda ce guda, mai cewa an binne shi a layi na biyu daga ƙofa, kabari na biyar daga bango. Uwarta ta rasu ba ta samu zuwa ba, don garinsu da nisa. Sai da aiki ya kawo mijin Yaya birnin, sannan ta zo da takardar a naɗe cikin leda. Mai Makulli, yana saurayi a lokacin, shi ya karɓa ya karanta, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga da yatsa, ya kai ta har wurin. Tun daga ranar, kowane mako takan zo da tsintsiya da jarkar ruwa da 'yar kujerar roba. Ta share, ta cire ciyawa, sannan ta zauna tana magana ƙasa-ƙasa.

A bana kwamitin da ke kula da maƙabartar ya yanke shawarar a sa wa kowane soja allon dutse mai sunansa. Aka kawo mai sassaƙa, wani ƙaton mutum mai surutu, aka kuma zaro wa Mai Makulli tsohuwar taswirar wurin daga ma'ajiyar takardu, wadda bai taɓa gani ba. Suka shimfiɗa ta a kan teburin ɗan ofishinsa, suka danne gefunan da kofi da kwado da guduma.

"Dattijo, ko dai a juye muka riƙe ta?" in ji mai sassaƙa. "Ga hasumiya nan, ga bango. Amma ƙofar tana wancan ɓangaren."

Mai Makulli ya gyara tabarau. Ya bi layin da yatsa sau biyu. Sannan ya fita, ya ratsa kaburburan har ƙarshe, ya ɗaga rassan da suka lulluɓe katangar baya. Ga shatin ƙofa nan, an cike ta da bulo mai wani launi daban. Bayan katangar motoci ne ke ta wucewa. Ashe lokacin da aka faɗaɗa titi ne aka toshe ta, aka fasa sabuwa a ɗaya gefen, shekaru kafin zuwansa. Takardar Yaya da tsohuwar ƙofa take magana.

Ya dawo ya zauna. Mai sassaƙa ya buɗe rajista ya duba lambar da taswira ta ba kabarin da tsohuwar take sharewa. A gaban lambar an rubuta: ba a san shi ba.

"To ai shi ke nan, Allah ya rufa asiri," in ji mai sassaƙa. "Ba mai shi. Mu kafa sunan babanta a nan, kowa ya huta. Wa zai kai ƙara? Su da ke kwance?"

"Shi kuma baban nata a rubuta masa me?"

"A ba shi na wancan."

"A rubuta ba a san shi ba, alhali ni na san shi?"

"Haba Dattijo! Matar nan da ƙyar take ɗaga ƙafa. Jiya ni na riƙe mata jarka. Shekara arba'in da ɗaya fa tana zuwa wurinsa. Kashe ta za ka yi da rana tsaka."

"Ni na ƙirga mata," in ji Mai Makulli. "Da yatsan nan."

Mai sassaƙa ya ɗauki gudumarsa, taswirar ta naɗe kanta. "Ni dai dutse aka ce in sara. Inda ka nuna, nan zan kafa. Amma ka yi tunani."

Ya yi tunanin kwana huɗu. A rana ta biyar ta iso da hantsi, tana takawa a hankali. Ya tare ta a ƙofa ya karɓi kujerar.

"Yau kuma ladabi ya motsa?" ta ce. "Ko an ce maka na kusa zama 'yar gidanku?"

"Yaya, zo mu zauna a inuwa. Akwai magana."

Ya kai ta gindin hasumiya, ya buɗe taswirar a kan gwiwarsa, ya bi da ita daki-daki, yadda ake yi wa mai koyo. Nan ne ƙofar yanzu. Nan ce ta dā. Idan aka ƙirga daga nan, ga inda ake faɗawa, idan daga can ne kuma, ga shi. Bai ɓoye nasa laifin ba, bai kuma yi ta nanata shi ba. Ta saurara har ya gama, hannuwanta a kan tsintsiya.

"To wannan da nake zuwa wurinsa, ɗan wane ne?"

"Ba a sani ba, Yaya. Haka aka kawo shi."

"Ba wanda ya taɓa nemansa?"

"Babu."

Ta daɗe tana kallon kabarin. Tsaf yake, ko tsinke babu, an jera masa fararen duwatsu a kewaye.

"Bawan Allah," ta ce. "Ya sha surutu. Bai taɓa ce mini ba shi ba ne."

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙa masa hannu. "Tashe ni. Kai ni wurin nawa. Wannan karon ka ƙirga da kyau."

Layi biyu ne kawai a tsakani, amma sai da suka tsaya ta huta. Kabari na biyar daga bango ya cika da ciyawa, simintin kansa ya tsage, tururuwa sun yi gida a gindinsa. Ta sunkuya ta kama ciyawa guda ta ja, ta ƙi fita. Mai Makulli ya durƙusa ya shiga tumɓukewa da hannu biyu, ƙaya tana sukarsa bai kula ba.

"Kullum ta nan nake bi in zubar da shara," ta ce. "Ta gefensa. Ko kallo ban taɓa yi masa ba."

"Ki yafe mini, Yaya."

"Kai ka toshe ƙofar? Yaro ne kai lokacin, ko gemu babu." Ta dubi kabarin. "Ba wannan ne ya dame ni ba. Duk abin da ya same ni a duniya, wancan na gaya wa. Haihuwar yarana, rasuwar mijina, ranar da ɗiyata ta gama karatu. Shi wannan bai san komai ba. Yana nan yana zaton har yanzu shekarata huɗu."

Mai sassaƙa ya iso da igiyar awo a hannu. Da ya gan su sai ya tsaya daga nesa, ya cire hula.

"Mai dutse," ta kira shi. "A nan za ka sa sunan. Wancan kuma kada ka rubuta masa ba a san shi ba. Na san shi. Ka bar allon haka nan, har in ga abin da za a sa."

"An gama, Iya."

Mai Makulli ya ajiye mata kujerar, ya danna ƙafafunta cikin ƙasa don kada ta goce. Ta zauna, ta gyara zaninta, ta dubi tsagaggen simintin.

"Ban ma san ta inda zan fara ba," ta ce.

"Ki fara daga farko. Ba zan rufe ƙofa ba sai kin tashi."

Ya ja mai sassaƙa suka koma wajen hasumiya. Suna tafiya ya ji muryarta a bayansu.

"Baba, ni ce, Auta. Na makara."