Gwangwanin da Modu Ya Bari

"Tana shan taba?"

Haka lokotoron, wato likita, ya tambaya, da ƙarfi kuwa, ko sassauta murya bai yi ba. A gindin tsamiyar ƙofar mai gari ake, ranar da yakan zo Difa daga Maine-Sorowa da akwatin magani sau ɗaya a wata. Mata sun fi ashirin a layi, kowace da ɗanta ko da ciwonta. Kaltumi mai banda tana zaune kan turmi, ya ɗora mata abin sauraron ƙirji a baya. Amma ba ita ya tambaya ba, Yakaka ya kalla, maƙwabciyar da ta riƙo ta suka zo.

Yakaka ta ce wace irin taba kuma ana zaune ƙalau? Mace ce da ta shekara talatin a bakin murhun banda, tana gasa kifin kogin Komadugu, hayaƙin da ta sha ke nan a duniya. Lokotoro ya girgiza kai. Ya ce allurar tarin fuka da ya yi wata uku yana yi mata ba ta taɓa komai ba, saboda haka ba shi ba ne. Wani abu ne ke cin huhun daga ciki, ciwon daji, irin wanda ya taɓa gani a asibitin Damagaram a ƙirjin tsofaffin soja masu zuƙar sigari. Ya ce ba shi da maganinsa. Ya ƙulla mata ƙwayoyin rage zafi a takarda, ya kira ta gaba.

Bawan Allah bai faɗa da mugunta ba, aikinsa yake yi. Da la'asar ya ɗaure akwatinsa ya yi gaba, ya bar wa garin magana. Difa ta wancan zamanin kuwa, in ka yi atishawa a gabas, daga yamma za a ce maka yarhamukallahu. Kafin Yakaka ta kai Kaltumi gida, tambayar lokotoro ta riga ta zama amsa.

Abin da ya fi ƙona wa Yakaka rai shi ne masu maganar. Mijinta Abatcha kullum leɓensa a cike yake da garin taba da kanwa, duk gindin dangar gidan ya yi ja da tofinsa, kuma a sahun gaba yake salla. Matan da ke riƙe haɓa suna salati, rabinsu da furen taba suke rina haƙora. Wannan duk ba laifi ba ne. Amma a kunna wa taba wuta a zuƙa, mace kuma, to an fita daga mutane, aikin matan bariki ne. Laifi tudu ne, Yakaka ta faɗa musu haka a bakin rijiya, ta faɗa a wajen shanyar tattasai, har muryarta ta dushe. Suka ce ai dole ta kare ta, danga ɗaya ta raba su.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya mutu da kansa. Sai ga Fanna matar liman, wadda ita ke wankan gawar mata a unguwar, ta je dubiya ranar wata Juma'a. Ta shiga da sallama, ta fito da hannu a hanci. Ta ce wallahi ita ba ta son ɗaukar alhaki, amma abin da ta shaƙa a ɗakin nan ba turaren wuta kaɗai ba ne. Kuma da ta sunkuya ɗaukar takalminta, ta ga gwangwanin sigari a ƙarƙashin gado, mai hoto a jiki.

Yakaka ta ji labarin tana tankaɗe. Ta yar da rariyar, ta keta ta ɓular danga ba ko sallama. Ta tarar da Kaltumi jingine da bango, ta rame har awarwaronta yana zamowa zuwa gwiwar hannu. Yakaka ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin gado don ta samu abin ƙaryata Fanna. Sai hannunta ya taɓo gwangwani.

Ta buɗe. Kara bakwai, sun yi ruwan ƙasa don tsufa.

"Ya Kaltumi, ni za ki yi wa haka? Ina ta zagin mutane a kanki?"

Kaltumi ta so yin dariya, tari ya ƙwace. Sai da ya lafa, ta goge baki da tsumma ta ɓoye shi a ƙarƙashin cinya, sannan ta ce, "Na Modu ne."

Modu shi ne ɗanta, shi kaɗai ya rayu cikin shida. Yaro ne da garin ke alfahari da shi, ya sauke Alƙur'ani a gaban liman, muryarsa in yana tilawa har masu jan ruwa a lambu sukan tsaya. Nasara suka ɗauke shi soja. Ya zo hutu sau ɗaya, daga nan aka tura su yaƙin Andoshin, wata ƙasa can ƙetaren teku. An gama yaƙin shekara biyu ke nan, wasu sun dawo, wasu an aiko da takardar mutuwarsu. Shi Modu ba shi ba takarda. Kaltumi ta hana a yi masa sadaka, ta ce ba a yi wa mai rai.

Ta gaya wa Yakaka cewa a wancan hutun ne ta kama shi a bayan murhun banda yana zuƙa, yana fakewa da hayaƙin kifi. Ta yi kuka, ta ƙwace gwangwanin, shi kuma ya rantse ya daina. Da ya tafi ta yi niyyar jefa shi a kogi. Sai ta buɗe, ta ji ƙamshin rigarsa ta ranar da ya rungume ta zai tafi. Tun daga nan, in kewa ta yi mata yawa, takan gutsuri rabin kara ta murmushe a kaskon turare, ta rufe ƙofa ta zauna. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kai shi baki ba.

Yakaka ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. Ta ce alhamdulillahi, yanzun nan za ta je gidan liman ta zazzage musu, kowa ya ji kunya. Kaltumi ta kamo gefen zanenta, da ƙarfin da ba a zaci ya rage mata ba.

"Ki ce musu me? Modu mashayi ne?"

"In ce musu gaskiya."

"Ni na kusa tafiya, Yakaka. Abin da suka ce a kaina, ƙasa za ta rufe. Shi kuwa in ya dawo, a garin nan zai nemi aure, a masallacin nan zai tsaya. Ki rantse mini."

Yakaka ta yi faɗa, ta yi magiya. Ta kira ta mai taurin kai, ta ce wanda ba a ma san yana raye ba ake saya wa mutunci da na mai rai? Kalmar na fita ta yi da-na-sani, don ta ga yadda fuskar Kaltumi ta yi. Ta koma ta zauna. Ta rantse.

Wata biyun da suka biyo baya, Yakaka ba ta taɓa shan baƙin ciki irinsa ba. Ga gaskiya a bakinta, ga rantsuwa a wuyanta. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Wadda ta daure ta zo, daga bakin ƙofa take cewa Allah ya sawwaƙe, ta ƙara da Allah ya shirye mu, ta juya. Ragowar bandar da ke rumbu, wadda a da fatake daga Cetimari ke rububinta, aka ce wa ya san da wane hannu aka juya ta. Wata tsohuwa har cewa ta yi ciwon da mutum ya saya da kuɗinsa ba a tausaya masa. Yakaka ta bi ta da zagi har ƙofar gida, ta dawo ta tarar ba abin da ya canza.

Ita ke dama kunu, ita ke wanke tsumman jini a bakin kogi, can nesa da masu wanki. Abatcha ya ce ta rage shiga gidan nan, ana fara haɗawa da ita. Ta ce ya fara tofar da abin da ke bakinsa tukuna. Kaltumi kuwa ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai duk motsin da ta ji a ƙofa takan ɗaga kai. In ta ga akuya ce, ta mayar.

Ranar wata Talata da hantsi Kaltumi ta cika, kanta a cinyar Yakaka. Maganarta ta ƙarshe ita ce a bar murhun banda yadda yake, kada a rushe, Modu zai gane gidan da shi.

Mata suka taru, don mutuwa ba a ƙin zuwa. Amma a tsakar gida suka tsaya cirko-cirko, ba wadda ta cire takalmi. Ruwan wanka yana kan wuta, ga magarya, ga likkafani Yakaka ta fitar daga nata adakar. Fanna ta zo daga baya. Ta ce Malam ya ce za a yi wa mamaciya salla, Musulma ce, amma shi ba zai tsaya a gaba ba, a nemi wani, don ya zama darasi. Ita ma bayanta na ciwo yau, ko akwai wadda za ta karɓe ta.

Ba wadda ta motsa. Rana tana ta hawa, zafin bazara kuwa ba ya jiran kowa. Yakaka ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ba ta ci kifin Kaltumi kyauta ba ranar suna ko ranar biki. Ta ji kamar ta ɗauki muciya.

Fanna ta matso, ta yi ƙasa da murya, amma yadda kowa zai ji. "Yakaka, ke kika fi kowa saninta. Tsakaninki da Allah, tana sha ko ba ta sha?"

"Ba ta taɓa sha ba."

"To gwangwanin na wane ne?"

Sunan yana kan harshenta. Kalma ɗaya ce, ta faɗa a wuce wurin. Wadda ta sa ta rantsuwar ta mutu, wanda ake karewa wataƙila ƙasusuwansa sun daɗe da ruɓewa a wata ƙasa da ba ta san ko ta wace kusurwa take ba. Ta juya, idonta ya faɗa kan murhun banda, baƙi ƙirin, da tokar da ba a kwashe ba.

Ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin a hannu.

"Nawa ne. Ajiya na ba ta, don kada Abatcha ya gani. A ɗakinta nake sha."

Wata ta ja salati. Fanna ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambaya, tarin fa? Yakaka ta ce ta je ta tsaya shekara talatin a kan wancan murhun ta gani.

Abin mamaki, ƙaryar ba ta sha wahalar shiga ba, ba kamar gaskiyar da ta yi wata biyu tana faɗa ba. Nan take aka fara kuka. Wannan ta ce ita dama zuciyarta ba ta taɓa yarda ba, waccan ta ce Allah ya yafe mana, baiwar Allah ta tafi da haƙƙinmu. Ciwon bayan Fanna ya warke, ta naɗe hannun riga, ta aika a gaya wa Malam. Da Yakaka ta ɗauko ƙwaryar ruwa za ta bi ta ciki, Fanna ta karɓa daga hannunta, ta miƙa wa wata.

Liman da kansa ya ja sallar, sahu huɗu. Ta ɓular danga Yakaka ta hango ana fita da makara. Abatcha yana cikin masu ɗauka, kansa a sunkuye, labari ya riga ya kai masa.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi na zaman makoki a inuwar danga, mata suka cika su, ana ta ambaton alherin Kaltumi da tarbiyyar da ta ba ɗanta. Yakaka ta kawo tata tabarmar ta shimfiɗa a gefe. Wadda ke kusa ta ɗan jawo tata, kamar tana gudun rana.

Yakaka ta zauna. Gwangwanin yana ƙulle a gefen zanenta, ta ɗora tafin hannu a kansa. Wata kaza ta zo ta bi ta filin da ke tsakanin tabarmin biyu, tana tsattsagar ƙasa, ta wuce ta hau murhun banda ta kwanta a cikin toka.