Shebur a Jikin Bango

Tun da aka kawo sabon kan jirgin ƙasan nan daga Amurka, ƙato mai ƙafafu takwas na jan kaya, mutanen ofis suka ɗauka dutse ya daina zama dutse. Sufeto Pargeter ya ƙara tarago uku na kwal a kowane hawa, wai ƙarfi yana nan, direbobi ne ragwaye. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa shiga ramin da jirgi ke ratsa dutsen ta cikinsa ba.

Ambrose Tregear ya shekara ashirin da biyu yana tuƙi a wannan hawa. Makon jiya ya fito da mai zuba masa kwal, Dinny Culhane, daga ramin a sume, hayaƙi ya ƙone masa huhu. Kafin nan sau biyu Dinny ya je ofis ya ce kayan sun yi yawa, aka koro shi. Yanzu yana kwance a asibitin garin Lithgow, takardar Pargeter kuma ta ce sakacin direba ne, ran Juma'a za a sallami Tregear. Baƙin ciki ya hana direban cin abinci. Ya tare sufeton gaban kowa a tasha, ya ce in ya haifu ya hau su tafi tare. Kunya ta sa Pargeter ya hau, da farar kwalar rigarsa.

Suna kaiwa tsakiyar ramin ƙafafun suka fara santsi a kan jiƙaƙƙen dogo. Tregear ya saki yashi a kan dogon don ƙafafun su kama, a banza. Jirgin na ruri, hayaƙi da tururi suka cika wurin, ko tafin hannunka ba ka gani. Sabon mai zuba kwal ya kwanta ya rufe kai da jiƙaƙƙen buhu. A irin wannan duhu ba mai sanin gaba ake yi ko baya, sai an taɓa bango. Tregear ya danƙa wa sufeton shebur.

"Dangana shi da bango, ranka ya daɗe. Kai ne mai ilimi, faɗa mana inda muka nufa."

Bangon ya fizgi bakin shebur ɗin ya yi gaba da shi. Pargeter ya gane baya suke zamewa, kayan ne ke jan su. Ya so ya yi magana, tari ya sarƙe shi. Ai jiki ya fi kunne ji.

Da birki Tregear ya lallaɓo da su har suka fito ta inda suka shiga. Pargeter ya zube gefen dogo yana amai, kwalar ta koma baƙa. Da ya samu numfashi ya ce a cire tarago ukun, takardar ma zai yaga ta.

Tregear bai yi godiya ba, ya juyo cikin fushi ya ce:

"Je ka faɗa wa Dinny. Ka matsa kusa da bakinsa, yanzu ba a jin muryarsa daga nesa."