Jirgin da Yaya Ran Ya Gani da Idonsa

A unguwarmu da ke yammacin Chengdu, Ran Guangde ne ya fara sanin cewa za a gwada sabon jirgin yaƙi. Ba wani babba ba ne, tsohon direban bas ne mai kiwon tattabaru a saman bene. Takarda aka kawo masa daga ofishin unguwa, wai ya kulle tsuntsayensa ranar Talata daga safe har azahar, saboda gwaji a filin jirgin da ke kusa da mu.

Ya same ni a gidan shayi inda nake sana'ar sakace wa mutane kunne.

"Ƙanena, jirgin nan ne da ake cewa ba a ganinsa. Talata ka ajiye tsinkayenka, mu je."

"Yaya Ran, abin da ba a gani, me za mu je kallo?"

"Shi nake son in sani!"

Muka hau kekunanmu har gonar da ke bayan shingen filin jirgin. Ashe an riga mu. Wasu sun zo da tsani, wasu sun ɗare bishiya, wata mata har ta kafa tukunyar taliya mai yaji. Sai wajen sha ɗaya muka ji ƙara, ƙasa ta ɗauki rawa. Jirgin ya taso, baƙi-baƙi, shafaffe, duk jikinsa kusurwa. Jama'a suka ɓarke da ihu. Yaya Ran kuwa ya tsuke fuska.

"Ga shi nan ƙato kamar rumfar kasuwa! Ni da yana ta rufe mini ido ɗaya ma na gan shi. An yaudare mu."

Wata dattijuwa mai farar hula da ke gefenmu ta yi dariya har da tari. Ta ce sunanta Pu Shulan, shekara talatin ta yi tana koyar da kimiyya a sakandare.

"Malam, ba idonka yake ɓuyar wa ba. Ka taɓa yin ihu a tsakanin duwatsu?"

"Na sha yi."

"Muryarka ta dawo, ko? Haka na'urar hango jirage take aiki. Ta aika, abu ya dawo mata, sai ta san akwai jirgi. To wannan an fasalta jikinsa yadda abin da aka aiko zai zame ya yi gefe, kaɗan ne ke komawa."

"Fentin fa? Me ya sa baƙi?"

"An ce yana shanye saura. Yadda ake haɗa shi kam, su na cikin shingen suka sani, kuma ba za su gaya mana ba."

Muka hau kekunanmu muka koma gida. Kwana uku bayan haka matarsa ta aiko a kira ni. Na tarar ya rufe labule, ya jera murafen tukwanenta da madubin banɗaki, yana haska su da tocila yana karkata su ɗaya bayan ɗaya.

"Dubi! In na miƙe shi, hasken ya dawo mini a ido. In na kwantar da shi haka, sai ya tafi rufi. Malamar nan ta yi gaskiya!"

"Ka ce wa yayanka ya ba ni murfina, shinkafa na kan wuta," in ji matar.

Da bazara ya sa sunansa a ajin kimiyya na makarantar tsofaffi, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ranar farko ya yi tambaya tara. Malamin ya roƙe shi ya bar sauran sai mako mai zuwa.