Bai Kira Ta da Suna Ba

Da ina yarinya a ƙauyenmu na bayan Cadawa, in an ce wance tana jinya, to zama ake nufi. Inna Delu, uwar mijina, haka ta yi wa rabin garin. Ta shimfiɗa tabarma kusa da marar lafiya, ta dama kunu, ta matsa ƙafa, ta kore ƙuda. Ba ta da magani sai jiƙo, amma ba ta tashi.

Ɗiyarmu ta fari ta yi lakol, wato boko, ta zama infirmiye, ma'aikaciyar jinya, a gidan likita na wajen Agiye. Mutane na ce mata Basira. Ni da Malam, mijina, bakinmu bai taɓa faɗin sunan nan ba. Ɗan fari ba a kiran shi, ba a jan shi a jiki gaban mutane, kunya ce muka taras. Hannun Inna Delu ta tashi. In Malam zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar nan".

Bara bayan girbi ƙafafunshi suka kumbura, numfashi ya yi mishi wuya. Ita ta aiko da mota aka kai shi wurin aikinta. Ta sa mishi ƙarin ruwa, ta ɗaure mishi hannu da abin awon jini. Sai na ga ya rufe ido. Rabon da ta taɓa shi tun tana rarrafe.

Daga ranar ya samu suna da zai kira ta da shi.

"Fati, ce wa likita ruwan nan ya tsaya."

"Yana ɗiga, Malam."

"Ke kika yi lakol ɗin ko ita?"

Sai in tafi in kira ta. Ta zo da sauri, ta ɗan buga robar da yatsa, ta ce, "Baba, lafiya lau yake." Ya ce, "To allurar fa, kamar ta goce." Ta kama hannunshi ta duba. Shi kuma ya yi ta kallon bango yana tambayarta ko an biya su albashi, ko ta ci abinci. Kafin ya ƙare ana kiranta. Lokacin zazzaɓi ne, yara har ƙarƙashin bedi a kwance, su kuma ma'aikatan su biyu ne.

Wata rana ta tare ni a bakin famfo.

"Inna, ki yi wa Baba magana. Kiran ya yi yawa, kuma ba abin da ya samu ruwan."

Na so in ce mata ba ruwan yake kira ba. Amma yaya uwa za ta dubi ɗiyar fari ta ce ubanki kewarki yake? Na ce, "To."

Ranar Laraba da hantsi ya ce, "Kira min likita."

"Me zan ce mata?"

Ya nemi abin faɗa. "Ce mata ruwan."

Na same ta durƙushe kan wani yaro yana shiɗewa, tana neman jijiya, uwar na kuka. Ba ta ɗago ba. "Yanzu na duba shi, Inna. Bari in gama da wannan."

Na koma na faɗa mishi. Ya ce, "Aikinta ne. Allah ya yi mata albarka." Na zauna ina matsa mishi ƙafa, idonshi na bakin ƙofa. Can ya motsa leɓe, na kai kunne. Na zaci shahada ce. A hankali ya ce, "Basira." Sannan ya yi shahadar.

Yaron ya tashi, an ce har ya sha koko. Ita kuma ta shigo tana cire safar hannu, ta taras na ja wa Malam zane. Ta tsaya ta dubi robar, ruwan na ɗiga yadda ya kamata. Ta rufe ruwan, ta zauna ƙasa gefen gadon, ta riƙe hannun Malam har motar ta zo.

A hanya ta tambaye ni ko ya bar wata magana. Na ce ya sa mata albarka. Sauran kuwa, sai in faɗi sunan kafin ta gane, bakina kuma bai iya ba.