Ɗakin Inna Ya Zama Sito

Dokar da ta hana kafa ƙarfen sabis kusa da ɗakin kwana, yayana ne ya yi uwa ya yi makarɓiya a kanta. Lokacin da kamfanin waya ya so kafa ƙarfensa a bayan gidan mai burodi, Yaya ya bi unguwa gida-gida yana tayar da jijiyar wuya, wai ƙarfen zai faɗo wa mutane suna barci, wai iskarsa na busar da ƙwaƙwalwa. Ya ja zuga har ofishin tsara gari. Da suka gaji da ganin fuskarsa sai suka kafa ƙa'ida: tazarar ƙarfe da duk ɗakin da mutum ke kwana dole ta kai tsawon ƙarfen kansa. Filin mai burodi bai kai ba. Daga ranar aka laƙaba wa Yaya Ciyaman, shi kuma ya koma tafiya yana buɗe hannuwa kamar mai maruru a hammata.

Da kamfanin ya dawo, filin bayan gidanmu ya nema, haya kuma aljihun Yaya za ta riƙa shiga. Nan take ƙwaƙwalwar Ciyaman ta daina tsoron bushewa.

Cikas ɗaya aka samu, ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Shi ne na ƙarshe a gidan, jikin katanga. A cikinsa ta haife mu, a cikinsa ta yi jinyar Baba har ya cika. Ko babu wuta ba ta lalube, ƙafarta ta san inda simintin ya fashe. Da aka ja tef, ɗakinta kaɗai ya faɗa cikin awon.

Yaya ya same ni ina kan keken ɗinki, sai wani murmushin wayo yake yi.

"Ai doka ɗakin kwana ta ce," in ji shi. "Ba ta ce sito ba."

"Wane sito kuma?"

"Na wuni ɗaya ne kawai. Mai duba na ofishin tsara gari ya zo ya gani ya sa hannu, a mayar mata da kayanta."

"Yaya, uwar da ta haife ka za ka kwashe kamar tarkace?"

"Matsalarki ke nan, ba ki san harkar doka ba. Ki tsaya a kan zare da allura."

Ya je wa Inna da maganar. Sai ta tashi ta naɗe zannuwanta da kanta don kada wani ya taɓa mata. Aka kwance gado aka jingine a falo. Yaya ya aro kwalaye, tsofaffin tayoyi, da wata fanka mai karyayyen wuya, ya jibge a ciki. Ya samo fenti ya rubuta SITO a jikin ƙofa, harafin ƙarshe har yana zubar da hawaye. Ya ja da baya yana kallon aikinsa kamar wanda ya gina asibiti. Wallahi ban taɓa jin na raina mutum irin na ranar ba.

Mai duba ya zo da hantsi, wani mai tumbi da takalmi mai ƙyalli, irin waɗanda ba sa son sunkuyo. Amma ba wawa ba ne. Ya shaƙi warin ɗanyen fenti, ya shaƙi ƙamshin man zafin Inna da ya kama bango, ya ga sawun ƙafafun gado a ƙasa. Ya gane sarai. Shi dai so yake wani ya ɗaukar masa ƙaryar, hannunsa ya fita fes. Sai ya juya wajen Inna, tana zaune a kujera ƴar tsugunno a bakin ƙofa.

"Mama, ke ce babba a gidan nan, bakinki zan bi. Amma ki sani, in na rubuta sito, ya zama sito ke nan har abada. Duk ranar da aka kama mutum na kwana a ciki, za a sauke ƙarfen a kai maigidan kotu. In kuma yanzu da mai kwana a ciki, to ɗanki ya yi wa hukuma ƙarya, shi ma kotun ce."

Na dubi Yaya. Ciyaman guda ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Ashe ya sani. Yo ina zai ƙi sani, shi ya matsa aka saka wannan sharaɗin don kada mai burodi ya samu kafar zillewa.

"To Mama, akwai mai kwana a ɗakin nan?"

Inna ta dubi Yaya. Ni kuwa a raina roƙonta nake ta tona shi, a tafi da shi kowa ya huta.

"Babu kowa, ɗana," ta ce wa mai duba. "Mai ɗakin ta tashi."

Mai duba ya sa hannu ko kallonta bai sake yi ba. Yaya ya raka shi har mota, ina jiyo dariyarsu daga waje. Da ya dawo sai ya durƙusa gabanta, ya sassauta murya, wai shi mai tausayi.

"Inna, ai ba komai. Ki riƙa shiga kina kwanciyarki, mu ja ƙofa. Wa zai sani?"

"Na yi maka ƙarya a gaban baƙo da furfurata, ta isa," in ji Inna. "Ba zan koma satar kwana a ɗakin mijina ba."

Ta juyo gare ni.

"Auta, shiga ki ɗauko mini carbina, yana rataye a bayan ƙofa. Ni ba ni da abin yi a sito."